"Takalmin Ƙarfe": Matsalar Suna da Ƙwarin Gwiwar Ɗaliban Gashin Ƙashi a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Da Turanci ɗalibin gashin ƙashi na Jami'ar Bayero yake koyon kayan tallafar ƙafa, amma da Hausa zai yi wa uwar yaro bayani a Asibitin Ƙashi na Dala ko na Murtala. Wannan maƙala tana ganin cewa a wannan gaɓa ce ƙwarin gwiwarsa yake raunana, ko da ya san aikin.

Buƙatar ba ta kau ba. An dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka dawo da shi a 2004. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da cutar ta asali, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa suna nan.

2.0 Suna Ɗaya, Aiki Daban-daban

A bakin jama'a duk "takalmin ƙarfe" ne. Alhali akwai mai tsayawa ƙasa da gwiwa, wanda yake hana tafin ƙafa faɗuwa, kuma galibi na roba ne. Akwai mai kaiwa cinya, mai kulle gwiwa idan naman gaban cinya ya mutu. Akwai kuma na jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa: takalma biyu haɗe da sanda.

Matsalar tana cikin kalmar "takalmi" kanta. A al'adar Bahaushe, takalmi abin cirewa ne a bakin ƙofa, a gefen tabarma, a masallaci, balle wajen barci. Shi kuwa na jariri, bisa tsarin Ponseti, awa 23 ake so ya yi a ƙafa kullum har wata 3, daga nan a riƙa sa shi lokacin barci har wajen shekara 4. Uwar da ta cire shi da dare ba gardama ta yi ba, ma'anar kalmar ta bi. Ƙafar kuwa tana iya komawa yadda take.

Maɗori bai san wannan wahala ba. Da ya ce "ɗauri", an fahimci ba mai kwancewa sai shi. A ganin mai nazari, wannan kalma ta fi dacewa da na jariri, ko da yake ita ma da nata aibin: tana sa a zaci akwai karaya, kuma uwa na iya jin tsoron kwancewa ta duba fata, alhali ana so ta duba kullum.