Yadda Ake Renon Tsamiya A Kasko

Tsamiyar bakin kasuwa takan haura mita 20, amma a hannun mai haƙuri sai ta tsaya a kamu biyu, da kaurin gindi da kaushin ɓawo irin na tsohuwar bishiya. Wannan fasaha ita ce bonsai, wadda Japanawa suka ɗauko daga Sin suka ƙawata. Masu yin ta a Indonesiya da Indiya sun daɗe da gano cewa tsamiya, 'yar asalin Afirka, ta dace da aikin: ganyenta ƙanana ne, tana jure aski, da magariba kuma ganyen kan naɗe kansa.

Daga ƙwallo ake farawa. A jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, a shuka, cikin mako biyu ya tsiro. Shekarar farko a bar shi a babban bokiti ya yi ƙwari.

Da saukar damina sai babban aiki. A tumɓuke dashen, a datse doguwar saiwar tsakiya da wuƙa mai kaifi, a baza ƙananan saiwoyin kamar yatsun hannu a kasko mai huda a gindi. Ƙasar kuwa yashi ne mai tsakuwa, da fasasshen jan bulo, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Laka ba ta shiga, domin tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Idan dashen ya kama, sai a nannaɗe rassa da wayar aluminiyam a lanƙwasa su a hankali, a cire ta kafin ta nutse cikin ɓawo, a riƙa tsinke kan sabon toho.

Wajen ban ruwa ne aka fi yin asara. Mutum zai ce ai tsamiya ce, ba ta jin fari. A daji haka ne, don saiwarta na bin danshi can ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce aka yanke. A zafin Afrilu na Kano ko Maraɗi, ƙasar kasko kan bushe kafin azahar, dole a ba ta ruwa safe da yamma, a janye ta inuwa idan rana ta take. A kuma ɗora kaskon inda akuya ba ta kaiwa.

Duk shekara biyu ko uku ana sake mata ƙasa, a rage kashi ɗaya cikin uku na saiwoyin.