Darasin Sana'a: Tsara Kasuwancinka Kafin Ka Taɓa Jari

Tun 2019 da muka fara ganin iyalai daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna shigowa jihar Maraɗi, mutane da yawa sun kama sana'a a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu sun ɗore, wasu jarinsu ya karye cikin wata biyu. Sau da yawa ba rashin ciniki ne ya karya su ba, rashin tsari ne. Ga abubuwa 5 da za a kiyaye.

1. Duba kasuwa tukuna. Idan mata huɗu suna tuyar ƙosai a layinku, ta biyar ba za ta samu ciniki ba. Gara ta dama koko, tunda mai sayen ƙosai zai nemi abin haɗawa.

2. San kuɗin ƙasar nan. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. A gida jaka naira 200 ce. Kafin a ƙulla ciniki, a tabbatar da kuɗin da ake magana a kai. Wanda ya saro kaya da naira ya tambayi canjin ranar kafin ya yanka farashi.

3. Raba uwar kuɗi da riba. A ce mai ƙosai ta sayi wake na sefa 1,000, mai na 700, itace na 200, niƙa da kayan haɗi 300. Ta kashe 2,200 ke nan. Idan ta sayar da na 3,000, ribarta 800 ce kawai. Wannan 2,200 ɗin kuɗin sarin gobe ne, ba na cefane ba. Daga ribar, ta iya sa 500 a tukunya, 200 a adashe, ta ɓoye 100 saboda rashin lafiya. Ƙosan da yara suka ci da wanda aka bayar bashi, duk a sa su cikin lissafi. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami, ko ya ja layi a takarda.

4. Yi lissafin shekara. Wake da gero suna araha da kaka, su yi tsada da bazara zuwa damina. Mai zubin adashe ya nemi kwasarsa ta faɗo da kaka, ya sayi wake ya zuba a jarka mai murfi ko buhu mai leda ciki don kada ƙwari su ci.

5. Kada ka dogara da hanya ɗaya. Da aka rufe iyaka a 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Masu sari daga Jibiya kaɗai sun sha wuya. Ka san dillali na biyu a cikin Maraɗi tun kafin buƙata ta taso.

Gargaɗi daga ofishin kariya: kada kowa ya ba da katinsa na ɗan gudun hijira ko na rabon abinci jingina don ya ci bashin jari. Haka kuma kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla. Wanda aka riƙe wa kati ya zo ya faɗa mana, ba a biyan ko dala.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya sayar har kwana 7, sannan ya fitar da ribarsa ta gaskiya. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya maido mana da zaman lafiya.