Takarda, Lu'ulu'u ko Ƙaho: Abin da ke Bambanta Muryar Manyan Sifikoki

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, sai ka ga 'yan sashen lantarki sun kwana a kan amfilifaya, sun ƙarar da kuɗin aljihunsu wajen sayen taransisto da taransifoma, ranar gwaji kuma su jona shi da wata tsohuwar sifika ta aro. Sauti ya fito kamar ana dukan garwa, malami ya yamutsa fuska, maki ya tafi. Sau da yawa amfilifayar ba ta da laifi. Shi ya sa a wannan fitowar za mu leƙa cikin manyan sifikokin duniya, irin waɗanda kuɗin wasu zai sayi mota. Ba saye za mu yi ba (wa ya aike mu?), zaɓin da injiniyoyinsu suka yi muke son gani.

Abin da ke fitar da sauti a cikin akwatin sifika shi ake kira direba. Ba na mota ba fa. Naɗin waya ne a tsakiyar maganaɗisu, an manna shi da faifai. Wuta ta shiga wayar, faifai ya yi gaba ya yi baya, ya tura iska, kunne ya ji. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau a kansa akasarin sifikoki suke.

To ina matsalar? Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen Hz 20 zuwa 20,000. Kakkauran sauti yana son babban faifai da zai kwashi iska da yawa. Siririn sauti kuwa yana son abu ƙarami mara nauyi, wanda zai iya zuwa ya dawo sau dubu goma a daƙiƙa ɗaya. Faifai guda ba zai yi duka biyun da kyau ba. Sai aka raba aiki: wufa ta ɗauki ƙasa, tuwita ta ɗauki sama, wani lokaci a sa na uku a tsakiya saboda murya. Mai rabon shi ne kurosoba, ɗan haɗin kafasito da koyil.

Inda manyan suka fi rabuwa shi ne kayan da ake yin tuwita da shi. Kowane faifai akwai gudun da idan ya kai, sai ya daina tafiya gaba ɗayansa, ya fara lanƙwasa, ya ƙara wa waƙa wata ƙara tasa ta kansa. Hanya biyu ce. Ko dai ka nemi abu mai tauri ƙwarai mara nauyi, ka kora wannan lanƙwasar can sama inda kunne ba ya kaiwa, ko ka nemi abu mai laushi da zai shanye ta. Kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila ya bi ta farko: tun 2005 tuwitar jerin 800 ɗinsa ta lu'ulu'u ce da ake ƙerawa a masana'anta, wadda ba ta fara lanƙwasa sai wajen Hz 70,000. Irin waɗannan sifikoki ake aiki da su a situdiyon Abbey Road a Landan. Focal na Faransa ya ɗauki ƙarfen beriliyam, wanda ya fi alminiyam tauri kuma ya fi shi rashin nauyi, amma ƙurarsa guba ce, sarrafa shi kuma tsada. Dynaudio na Denmak ya bi ta biyun, tuwitarsa ta ƙyalle ce da aka shafe da wani sinadari. Masu sauraro sukan ce mai tauri tana fito da kowane ɗan ƙaramin motsi fes, har da aibin rikodin, mai laushi kuma ba ta gajiyar da kunne. A ganina wannan gardamar ta fi ƙarfin abin da kunnen yawancinmu zai rabe. Tuwitar ƙyalle da aka haɗa da kurosoba mai kyau ta fi ta lu'ulu'u da aka haɗa da ka.

Sai wurin zama. Idan tuwita tana sama wufa tana ƙasa, sautinsu ba ya isa kunne lokaci guda in ka miƙe tsaye ko ka sunkuya. Tannoy ya magance wannan tun 1947 da dasa tuwita a bayan tsakiyar wufa, KEF kuma ya fito da Uni-Q a 1988, tuwita zaune cikin cibiyar faifan. Sautin sai ya fito daga wuri ɗaya, kusan iri ɗaya a ko'ina cikin ɗaki.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mai furojet. Lasifikar masallaci kowa ya san ta: ƙaramin direba ne a gindin ƙaho, amma unguwa guda tana ji. Da wannan dabarar Paul Klipsch na Amurka ya yi Klipschorn a 1946, kuma har yanzu ana ƙera ta. Tana ba da wajen desibel 105 daga wat ɗaya. Ƙaramar KEF LS50 kuwa 85 take bayarwa. Ka tuna ƙarin desibel 3 na buƙatar ninka wuta, ƙarin 10 kuma ninki goma. Tazarar 20 ke nan ninki ɗari: ƙarar da Klipschorn za ta yi da wat 1, sai ka ɗura wa LS50 wat 100. Amma Klipschorn ta kusa girman firji, an tsara ta ne don zama a kusurwar ɗaki, kuma ƙahon da ba a auna shi daidai ba yakan sa murya ta zama kamar ta mai magana cikin tafin hannu. Injiniyoyi na da wata doka da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann: ƙaramin akwati, kakkauran sauti mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai za ka samu cikin ukun. Kuɗi ba ya saya maka na ukun.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ranar gwaji, juya bayan sifikar da za ka aro ka karanta om nawa ce, desibel nawa take bayarwa. Amfilifayarka mai wat 20 za ta cika aji da sifika mai 95, ta shaƙe da mai 85. In kuma da kanka za ka haɗa akwatin, toshe duk wata kafar da ba ka yi niyya ba, domin iskar bayan faifai tana kashe ta gabansa. Kuma kada ka kuskura ka jona tuwita kai tsaye, yanzun nan za ta ƙone. Ga tuwita mai om 8, kafasito mara fuska mai maikurofarad 4.7 a jere da ita zai fara tare abin da ke ƙasa da wajen Hz 4,200. Lissafin shi ne C = 1/(2πfR), ka gwada da naka direban.