Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Busar da Kaya, Mai Gas ko Mai Lantarki?

Tambaya: Ina da shagon wanki da guga a Gyadi-Gyadi, Kano. Da damina kaya kan kwana biyu ba su bushe ba, masu su na ta ƙorafi. Wace na'urar busarwa zan saya, mai gas ko mai lantarki?

Amsa: Allah ya sa wa sana'a albarka. Ga mai shago irinka, mai gas ta fi, kuma ga dalili.

Dukansu aiki ɗaya suke yi: su juya kaya cikin ganga, su hura musu iska mai zafi. Inda suka rabu shi ne tushen zafin. Mai lantarki da wuta take haɗa zafinta, tana jan kilowat 2 zuwa 5, lodi guda kan ci kimanin yunit 3. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, yunit ya haura naira 200. Idan layinka na cikinsu, kowane lodi ya wuce naira 600 ke nan. In kuma kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya ɗauke wuta, ƙaramin janareto ba zai iya da ita ba.

Mai gas kuwa tukunyar gas ce ke ba ta zafi. Wutar da take buƙata ta juya ganga da fanka ce kawai, ƙaramin janareto ma ya ishe ta. Sai dai ka kiyaye abu biyu. Na farko, kwancen da ake shigowa da su daga Amurka yawanci na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa 230, kuma an saita su a kan gas ɗin bututu, don haka sai ƙwararre ya sauya musu kan murhu su dace da na tukunya. Na biyu, dole bututun hayaƙinta ya fita waje, domin iskar da ke taruwa a rufaffen shago tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Duk da haka, kada ka kwance igiyar shanyarka. Ranar Kano kyauta ce mafi yawan shekara. Ka bar na'urar ga watannin Yuli da Agusta, ga tawul da zannuwan gado, da kayan gaggawa. Shadda mai sitaci kuwa a juya bayanta a shanya a inuwa, don zafin na'ura na kashe mata ƙyalli. Ka matse kaya sosai kafin su shiga na'urar, ka riƙa kwashe burbushin zaren da ke taruwa a rariyarta bayan kowane lodi, domin yana jinkirta bushewa, yana kuma haddasa gobara.

Ga magidanta a Tarauni da kewaye masu wankin gida kawai, shawarata su ajiye kuɗinsu, igiya da baranda sun wadatar.