Tururuwa: Sunan Bahaushe da Rabon Masana

A ƙasar Gure, cikin jahar Damagaram, tururuwar da ke jidar gero da ƙwayar ciyawa zuwa raminta ita ce masana ke kira Messor galla. Gustav Mayr ne ya fara siffanta ta a 1904, kuma "messor" da Latinanci na nufin mai girbi. Ta bazu a Sahel, daga Senegal har Habasha.

Masana sun haɗa ta da ƴan'uwanta a dangin Formicidae. Bahaushe kuwa da hali ya bambanta su: cinnaka mai cizo, kiyashi mai bin zaƙi, kwarkwasa mai tafiya runduna guda. Ƙamusun da ya fassara su duka da kalma ɗaya ya zubar da ilimin manomi, wanda a shekarar yunwa ya san ramin da zai tona ya sami hatsi.