Jinyar Je-ka-ka-dawo: Aikin Mai Ba da Shawara ga Masu Jarabar Ƙwaya

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa cikin garin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, waɗansunsu da mari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da kansu domin a raba su da shaye-shaye ko wani mugun hali. Irin waɗannan iyaye sun rasa inda za su dosa ne. Magidanci a Ikara ko Makarfi ko Kudan wanda ɗansa ya faɗa shan ƙwaya, hanya biyu ya sani: ko gidan mari, ko kuwa a kwantar da yaron a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Shika, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanya ta uku, wato jinyar je-ka-ka-dawo, inda majinyaci ke kwana a gidansu yana ci gaba da sana'arsa, amma yana ganin mai ba da shawara a ranakun da aka tsayar.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kusan miliyan 3 daga cikinsu jaraba ta riga ta kama su. Duk gadajen asibitocin ƙasar nan ba za su ɗauki wannan jama'a ba.

Abin da ƙwaya ke koya wa ƙwaƙwalwa

A shekarar 1954, masana biyu, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a ƙasar Kanada, suka dasa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli. Duk lokacin da ɓeran ya taka maɓallin, sai 'yar wutar lantarki ta taɓa wurin. Nan da nan ɓeran ya koyi takawa, har sau ɗaruruwa cikin sa'a guda. Daga baya aka gano cewa jijiyoyin wannan sashe suna aiki da wani sinadari mai suna dofamin. Aikinsa shi ne ya sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ya amfani jiki, kamar abinci ga mai yunwa ko ruwa ga mai ƙishi, ta kuma riƙe wuri da lokaci da hanyar da aka samo shi.

Kayan maye kan sa dofamin ya kwarara fiye da ƙima. Tiramol da kodin, alal misali, hanta ce ke juya su zuwa sinadarai masu ƙarfi. Kodin mofin yake komawa. Idan aka daɗe ana sha, abubuwa uku kan faru. Na farko, jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Likitoci ba su yarda a wuce miligiram 400 na tiramol a yini ba, amma wanda ake sayarwa a ɓoye kan kai 225 a ƙwaya guda. Biyu sun riga sun ƙetare iyaka, shi ya sa mashaya kan yanke jiki su faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Na biyu, idan aka daina sai jiki ya yi bore: ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma, gudawa da rashin barci. Wannan kan yi tsanani a kwana biyu ko uku na farko, ya lafa cikin kimanin mako guda. Na uku, wanda ya fi daɗewa, ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaura ƙwayar da duk abin da ke kewaye da ita: majalisar abokai, shagon da ake saye, ranar kasuwa, har ƙarar kuɗi a aljihu.

Wannan na ukun shi ne dalilin da ya sa mari ba ya warkarwa. Ɗaki mai kwaɗo yana iya fitar da ƙwaya daga jini, amma darasin da ƙwaƙwalwa ta koya a bakin tasha, a bakin tashar ake warware shi. Har ila yau, ranar sakin wanda aka tsare ita ce mafi hatsari a gare shi, domin sabon da jikinsa ya yi ya gushe. Idan ya haɗiye adadin da yake sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa.

Yadda mai ba da shawara ke aiki

A ɗauka ga wani saurayi ɗan ƙwadago a gonakin raken Makarfi. Ya fara shan tiramol ne domin ya wuni yana sara da lodi ba tare da gajiya ba, yanzu kuwa ba ya iya tashi daga shimfiɗa sai ya sha.

Matakin farko shi ne tantancewa. Mai ba da shawara zai tambayi irin abin da yake sha, da yawansa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko yana gauraya shi da wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tambayoyi 8 da ake kira ASSIST don wannan aiki. A nan ne ake ware waɗanda dole su ga likita tukuna: mai jijjiga, mai jin muryoyin da babu su, mai tunanin kashe kansa, mace mai ciki, da mai shan ƙwayoyin barci irin su diyazifam ko roci, domin yanke waɗannan farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai halakarwa, sai dai a riƙa ragewa a hankali. Mai ba da shawara ba likita ba ne, kuma sanin iyakarsa yana cikin ƙwarewarsa.

Mataki na biyu shi ne zaburar da niyya. A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, William Miller, ya bayyana dabarar hira wadda ta ginu a kan cewa idan aka yi wa mutum faɗa, kare kansa zai yi, amma idan dalilin dainawa ya fito daga bakinsa, ya fi riƙe shi. Saboda haka mai ba da shawara yakan ce, "Ƙanena, me ƙwayar nan take yi maka, me kuma ta raba ka da shi?" Saurayin yana iya cewa, "Malam, tana ba ni ƙarfin aiki, amma kuɗin da na tara na aure duk sun tafi." Daga wannan amsa ake soma gini.

Mataki na uku shi ne koyon kauce wa tarko. Su biyun za su zauna su jera lokutan da marmari ya fi taso masa: da asuba kafin fita gona, da yammacin da aka biya kuɗin aiki. Kowane lokaci a yi masa shiri. A canza hanyar zuwa gona, a karya kumallo sosai, a damƙa kuɗin ga mahaifiya ko wani wa amintacce. Ana kuma koya masa cewa marmari kamar hadari yake, yakan haɗu ya yi baƙi, sa'an nan ya watse idan aka jure na ɗan lokaci. Duk sa'ad da ya wuce shagon bai saya ba, igiyar da ta ɗaura wurin da ƙwayar tana ƙara sakwarkwacewa. Masana sun lura cewa jinyar da ba ta kai wata 3 ba, amfaninta kaɗan ne.

Mataki na huɗu shi ne shigo da iyali, amma da yardar majinyaci, domin riƙe sirri shi ne jarin wannan aiki, balle a ƙauyen da kowa ya san kowa. Matan aure da 'yan mata masu shan kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da shi a maganin tari a watan Mayu na 2018, ba za su zo ba sai sun tabbata asirinsu a rufe yake, kuma sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu.

Idan aka koma ruwa

Nan ne iyaye suka fi karaya. Wani nazari da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar jaraba kan koma sha cikin shekara guda, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga gida don awonsa ya hau. Magani ake gyara masa. Haka mai ba da shawara yake yi: ya tambayi abin da ya faru a ranar, ya gano tarkon da aka manta, a sake shiri. Babbar nasararsa ita ce majinyacin da ya zame ya dawo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya.

Kammalawa

Jinyar je-ka-ka-dawo ba ta bukatar babban gini. Ɗaki mai ƙofa, kujera biyu, littafin rajista mai makulli da ma'aikaci mai horo da haƙuri sun isa a fara. Asibitocin Ikara da Makarfi da Hunƙuyi suna kusa da jama'a, Shika da Barnawa suna nan don masu ciwo mai tsanani, garin Makarfi kuma ya daɗe yana yaye ma'aikatan lafiya a makarantar da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci. Abin da ya rage shi ne a horar da masu ba da shawara, a ajiye su inda mutane suke, ta yadda uban da ɗansa ya faɗa wannan rami zai sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa a garinsu kafin ya nemi maƙeri.