YADDA ZA A DASA RESHEN FARANJIFANI YA YI SAIWA

Wanda ya bi hanyar Hotoro ya ratsa ta Nasarawa da bazara, lalle ya ga wani ɗan itace mai kaurin rassa da fararen furanni masu ruwan ƙwai a tsakiya, ƙanshinsu kuwa ya fi tashi da dare. Turawa suna ce da shi faranjifani. Asalinsa daga Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Masana suna kiransa Fulumeriya, domin tunawa da wani Bafaranshe masanin tsire-tsire, Charles Plumier, wanda ya rasu a 1704.

Dasa shi a kan yi, kamar cediya da rogo. Amma mutane da yawa su kan roƙo reshe wurin maƙwabci, su kafa shi ɗanye, su yi ta ba shi ruwa safe da yamma, bayan kwana 20 su tarar ya ruɓe. Dalili kuwa shi ne, reshen cike ya ke da ruwa, ba shi kuwa da saiwar shan wani. Ruwan da aka zuba sai ya kwanta a bakin yankan, ruɓa ta shiga ta nan. To, ga yadda za ka yi.

1. LOKACI. Ka yanka cikin watan Maris ko Afrilu, gama zafi ke sa saiwa ta fito. Da hunturu itacen ya kan zubar da ganye ya huta, da Agusta kuwa laima ta yi yawa.

2. YANKA. Ka zaɓi reshe mai tauri wanda ɓawonsa ya yi toka-toka, tsawonsa ƙafa 1 ko 1 da rabi. Ka sa wuƙa mai kaifi, mai tsabta. Ka cire furanni da manyan ganyaye. Ka yi hankali da farin ruwan da ke fita kamar nono, yana da dafi. Kada ya taɓa ido, kada yara su yi wasa da shi.

3. SHANYA. Wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace. Ka jingine reshen a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana 10 zuwa 14, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri.

4. ƘASA. Ka huda gindin tukunya, ka shimfiɗa tsingaro, sa'an nan ka cika ta da yashi kashi 2, ƙasar lambu kashi 1. Ban da ɗanyen taki.

5. DASAWA. Ka binne inci 3 kaɗai, ka danne ƙasa, ka ɗaure shi jikin sanda don kada iska ta girgiza shi. Ka riƙa duban sandar saboda gara.

6. BAN RUWA. Ka ba shi ruwa sau ɗaya ran da ka dasa, sa'an nan ka janye hannu. Ka ajiye tukunyar inda za ta sami hantsi, ta tsira daga ranar azahar.

Bayan mako 6 ko 8 za ka ga ganye biyu ko uku sun buɗe sosai, watau saiwa ta kama ke nan. Daga nan ka riƙa shayar da shi duk sa'ad da ƙasar ta bushe. Kada ɗoki ya sa ka tuge shi don ka duba, gama sabuwar saiwa ba ta da ƙwari.

In gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ka yanke har inda nama ya ke fari, ka sake shanyawa, ka dasa cikin sabon yashi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.